Wane ma'aunin jarabar ƙwaya ya dace da asibitinku?

Matashin da ya yi kwana 10 bai sha tiramol ba zai ce maka, "Likita, alhamdu lillahi, na warke." Amma da daddare, idan ya ji ƙarar babur ɗin abokin da suke sha tare, shi kaɗai ya san yadda ransa ke tashi. Wannan kiran da ƙwaya ke yi wa mutum bayan ya daina, littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sa shi cikin alamomin cutar shaye-shaye a 2013. Gwajin fitsari ba ya nuna shi, sai mai shi ya faɗa da bakinsa. Shi ya sa ake auna shi da takardar tambayoyi, kuma kafin ku buga ɗaya ku raba wa ma'aikata, ku san me kuke nema.

Mafi arha shi ne layi mai tsawon santimita 10 a kan takarda: wannan gefe "ba na ji ko kaɗan", wancan gefe "kamar zan mutu". Mara lafiya ya ɗiga alama, kai kuma ka auna da rula. Bai kai minti ɗaya ba. Matsalarsa ita ce yana gaya maka halin da mutum yake ciki a wannan lokacin kawai, kuma ɗakin likita wuri ne da jaraba ke lafawa.

Idan giya ce matsalar, akwai ma'aunin da ake kira PACS, wanda aka fitar a Jami'ar Pennsylvania a 1999. Tambayoyi 5 ne kan makon da ya wuce: sau nawa sha'awar ta zo, ƙarfinta, tsawon lokacinta, wuyar danne ta, sai kuma kimar makon gaba ɗaya. Kowace daga 0 zuwa 6, jimla 30. Ya dace da wanda ke zuwa asibiti mako-mako. Wani ma'aunin giyar, OCDS na 1995, ya fi zurfi, tambayoyi 14 kan yadda tunanin giya ke mamaye mutum, amma ana buƙatar zama da natsuwa, abin da layin safiyar Litinin ba ya bayarwa. Masu taba sigari suna da ma'aunin QSU mai tambayoyi 32, wanda aka taƙaita zuwa 10 a 2001.

Mu a nan Arewa, abin da ya fi cika mana benci shi ne tiramol da kodin. Don su, ni na fi son ma'aunin Opioid Craving Scale na 2014, tambayoyi 3 kacal, daga 0 zuwa 10: ta ɗaya, yanzu yaya kake ji; ta biyu, a makon nan, da wani abu ya tuna maka da ƙwaya, yaya ƙarfin sha'awar ya kai; ta uku, da a ce kana wurin da ka saba sha, wane yiwuwa ne ka sha yau. Tambaya ta ukun ce take buɗe bakin yara. Da ka yi ta, sai ka ji labarin majalisar bakin layi da kemis ɗin da ke ba da bashi.

Sai dai dukkansu da Turanci aka rubuta su. Kada kowane ma'aikacin jinya ya fassara yadda ya ga dama. Ku zauna ku tsayar da kalma ɗaya, a fassara zuwa Hausa a sake mayarwa Turanci a gwada. "Sha'awa", "kwaɗayi" da "jaraba" ba abu ɗaya ba ne a kunnen mara lafiya. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa, ya nuna lamba da yatsu.

Kuma ku fitar da iyaye daga ɗakin kafin ku fara. Na taɓa ganin yaro ya ce sifili, mahaifinsa na zaune gefe yana jan carbi. Da Baba ya fita alwala na sake tambayarsa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Tara."