Littafin da Za a Saya wa Yaro: Abin Dubawa Kafin a Miƙa Kuɗi

Bayan an biya kuɗin makaranta, an sayi littattafan da malamai suka rubuto, abin da ke saura a aljihun yawancin iyaye bai wuce na littafi biyu ko uku ba a shekara. To in za a sayo wa yaro wanda zai karanta don jin daɗinsa, wanda zai nuna masa ko shi ɗan wane gida ne, ya sa masa son zumunci da salla da kunya, wanne za a fara ɗauka? A ganina a fara da littafin Hausa da ake iya karantawa a bayyane a tsakar gida, ƙanne na saurare. Sauran su biyo baya gwargwadon hali.

Tsofaffin littattafan Zariya

Har yau ban ga abin da ya kama ƙafar Magana Jari Ce ba. Abubakar Imam ya rubuta shi littafi uku, suka fito tsakanin 1937 da 1939, kuma kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya daɗe yana sake buga su. A na farko, aku ne yake ta ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labarai don ya hana shi ficewa ya bi rundunar yaƙi. Kowane labari yana ƙarewa a zama ɗaya, daidai abin da uwa ko uba ko yaya za su iya karantawa bayan sallar isha kafin barci ya kwashe yara. Ɗan shekara bakwai zai saurara ya yi dariyar Kalala da Kalalatu, ɗan shekara goma zai karɓe littafin ya ci gaba da kansa. Imam ya ɗebo labaran da yawa daga littattafan Larabawa da na Turawa, amma ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. Biyayya ga iyaye, riƙon amana, sharrin kwaɗayi, duk suna ciki, ba tare da an tsayar da labari an hau mumbari ba. In kuɗin ɗaya ne a hannu, a ɗauki na farko. Na biyu gasar labari ce tsakanin aku biyu, na uku kuwa aku ne yake horar da ɗansa Fasih, kuma ya fi dacewa da wanda ya ɗan tasa.

Akwai abin lura. Yaron yau zai ci karo da sulke da lifidi da zagi da barde, ya tsaya ya tambaya. Wannan riba ce, in dai akwai babba a kusa. Amma littattafan wancan zamani suna yawan tsokanar baƙauye, suna kuma kiran waɗanda ba Musulmi ba da sunayen da ba ma so yaranmu su ɗauka su kai makaranta. In an zo wurin, a tsaya a yi wa yaro bayani.

Ga wanda ya kai shekara goma sha uku, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fi kowanne taɓa zancen asali da iyali da addini a lokaci guda. Ya fito a 1934, cikin littattafan da gasar 1933 ta Hukumar Fassara ta haifar, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Yaro ne aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, ya tashi a hannun Balarabe ya zama malami, uwarsa kuma ta bar gida ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Siriri ne, ba ya ɗaukar kwanaki, amma yana da nauyi a zuciya, kuma ba ya ɓoye cewa cinikin bayi ya faru a ƙasarmu, da hannun mutanenmu. Kada a ba ƙaramin yaro. Ruwan Bagaja kuwa na dariya ne da yawon duniya, ya fi kyau ga yaron da ake lallashi ya so karatu.

'Yan ƙasa da shekara bakwai

Nan ne kasuwarmu ta fi rauni. Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida, shi ne ya tattara Gizo da Ƙoƙi da waƙoƙin dandali yadda kakanni ke yi, sai dai samunsa sai an tona. Duk inda kuka gan shi, ko tsoho ne, ku saya. Mai waya yana iya buɗe shafin intanet na African Storybook ko na StoryWeaver, inda akwai ƙananan labarai masu hotuna da Hausa kyauta. Yawancinsu fassara ce, wata ta yi daɗi, wata kuma ana jin Turanci na motsi a ƙarƙashinta. Ku karanta shafi ɗaya a bayyane. In harshenku ya yi tuntuɓe, na yaron ma zai yi.

Littattafan addini

Iyaye da yawa suna haɗa abu biyu da ya kamata a raba: littafin darasi da littafin labari. Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi da Hisnul Muslim na darasi ne. Dole ne a gida, ba su da tsada, amma malami suke bukata, kuma ba yaron da zai rungumi Ahalari ya kwanta da shi. Abin da ke sa yaro ya so Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari ne: maraicinsa, zamansa wurin Halimatu, hijira da kogon Sauru, haƙurin Bilalu. Haka labarin Annabi Yusufu da 'yan'uwansa, wanda duk yaron da ya tashi a gidan 'yan uba zai gane shi tun kafin a kai rabi.

Ƙananan littattafan tarihin Annabawa da sahabbai da ake bazawa a bakin masallaci ranar Juma'a, ko a rumfunan Kasuwar Kurmi a Kano, suna da araha ƙwarai, amma shinkafa ce da tsakuwa, sai an tsince. A duba ko akwai sunan marubuci. A duba ko ya faɗi inda ya samo hadisin da ya kawo. A duba ayoyin, ko wasullan sun fito daidai, domin kuskuren ɗab'i a aya yana iya zama a bakin yaro shekaru. A guji wanda rabinsa tsoratarwa ce da azabar kabari. Ɗan shekara shida rahamar Allah ya kamata ya fara sani. Yaron da ya fara Larabci a Islamiyya, Ƙisasun Nabiyyina na Abul Hasan Nadwi ya dace da shi, don an rubuta shi ne musamman saboda yara, da gajerun jimloli masu maimaituwa. Kuma kafin a sayi Alƙur'ani ko juzu'i, a tambayi malamin yaron ko Warshu suke yi ko Hafsu.

Gidajen Kirista masu jin Hausa su ma suna da nasu. Tun 1932 aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma shagunan littattafai na coci a Jos da Kaduna wuri ne na neman labaransa na yara. Ma'aunin ɗaya ne: Hausar ta zauna, labarin ya ja yaro.

Na ƙasashen waje

Littattafan Goodword na Indiya, da Kube na Ingila, da Darussalam na Saudiyya sun fi namu kyan takarda da launi da ɗinki nesa ba kusa ba, suna jure hannun yara uku a jere. Tsadarsu tana bin dala. Abin da ya fi tsadar muhimmanci shi ne, da yawa daga na Ingila da Amurka an rubuta su ne don yaron da yake tsiraru a ajinsu: yarinyar da ita kaɗai ke sa hijabi, yaron da ke azumi kowa na cin abinci a gabansa. Ga ɗan Bahaushen da ke girma a Landan, wannan maganin ciwonsa ne. Ɗan Katsina ko Zindar ba shi da wannan damuwar. Tasa ita ce ya fara ganin duk abin da ke da kyau daga waje yake zuwa. Ɗaya ya isa, don Turanci da hotuna. Masu koyar da salla a cikinsu kuma wani lokaci suna saɓa wa Malikiyyar da ake koya masa a makaranta, sai a shirya amsa tambaya.

'Yan mata da samari

Littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano sun sha zagi, wani da hujja, wani babu. A cikinsu akwai waɗanda suka yi zancen auren dole da kishi da karatun 'ya mace da gaskiyar da ba a samu a wani wuri ba. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, abu ne da uwa da 'yarta za su karanta su zauna su tattauna. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda NNPC ta buga a 1980, yana nuna rayuwar Fulani da auren da dangi ba sa so. Waɗanda ke yawo a WhatsApp ba edita ba mai dubawa, wasu batsa ce tsagwaronta. Sharaɗi ɗaya ne: babba ya karanta tukuna. A kuma tambayi mai shago ko littafin kashi nawa ne, don sau da yawa ana raba labari ɗaya gida uku ko huɗu, a sayi na ɗaya a rasa na ƙarshe.

Ɗalibin sakandare da ke son sanin yadda ake suna da kaciya da aure da sana'o'in gado, Zaman Hausawa zai yi masa amfani, amma littafin bincike ne, ba na hira ba.

A gaban mai shago

Na jabu sun cika kasuwa, musamman na Imam. Ku buɗe tsakiya ku bi lambobin shafi, don sukan tsallake ko su maimaita. Ku duba tawada, in ta yi dishi-dishi ko hotunan sun zama baƙin dunƙule, hoton wani bugun aka ɗauka. Ku ja shafi ɗaya a hankali ku ga ko gam ɗin zai riƙe. Sannan ku duba haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Yaron da yake koyon karatu bai kamata a ba shi littafin da ya zubar da su ba. Masu saye a Nijar za su ga 'yan bambance-bambance a ƙa'idar rubutu, kamar ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma kamfanin Gashingo na Yamai yana buga littattafan yara da Hausa a kan ƙa'idar can. Ba abin da zai hana yaron Maraɗi karanta bugun Zariya, ko na Kano karanta bugun Yamai, in an nuna masa bambancin sau ɗaya.