Geji ko Kwamfuta: Me Za Ka Saya Kafin a Sauke Maka Tankin Mai?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yawancinmu a Sakkwato lita biyar ko goma muke zubawa mu kama hanya. Fanfon motar injekta kuwa a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi. Tanki kusan wayam, ga zafin Afrilu mai haura digiri 40, ga man galan na 'yan bumburutu da lakarsa, dole fanfo ya jigata. Shi ya sa da mota ta fara kakkatsewa sai ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, fanfo ne."

Haka aka ce mani a kan Corolla ɗita. Fanfo biyu na saya cikin wata uku, duk da haka da ta yi zafi a hanyar Boɗinga sai ta dawo da halinta. Ranar da wani dattijon bakanike ya ɗaura mata geji, wato na'urar auna ƙarfin turin mai, allura ta tsaya cak a kan psi 46 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin) ko lokacin da injin ke rawa. Man lafiya lau yake zuwa. Ashe kwayil guda, mai ba fulogi wuta, shi ne ke mutuwa in ya ɗauki zafi. Har yau kuɗin nan na yi mani ciwo.

Kasa kunne a bakin tanki ba awo ba ne, fanfon da ya gaji ma yana kuka. Ƙaramar kwamfutar nan ta ELM327 da ake haɗawa da waya tana da araha, za ta kuma nuna maka lamba irin P0171, wato iska ta fi mai yawa, amma ba za ta ce laifin waye ba. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano ba su da sensar da ke auna ƙarfin turin mai, don haka kwamfutar ba ta ganinsa sam.

Ni dai geji mai allura nake ba kowa shawara ya saya. Motocin injekta na yau da kullum suna aiki ne tsakanin bar 3 zuwa 4, wato kusan psi 44 zuwa 58. Toyota ta tsayar wa irin Corolla ɗita psi 44 zuwa 50. Ka duba a silo, sannan a taka totur. In allura ta faɗi lokacin da aka taka, man ba ya isa, kuma kafin a zargi fanfo a duba rariyarsa da filta da soket ɗin wutarsa. Gwajin da na fi so shi ne na bayan kashe mota: a jira minti biyar, kada allura ta sauko ƙasa da psi 21. In ta zube da sauri, ko nozul na yoyo, ko regileta mai daidaita ƙarfin man, ko bawul ɗin cikin fanfo ya saki, kuma wannan ne ke sa mota daɗewa kafin ta tashi. A tsofaffin motoci masu regileta a kan injin, zare ƙaramin tiyon iskarsa. In ka ga fetur a ciki, regiletan ya fashe.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Akwai gejin da ake sayarwa cikin jan akwati mai kyan gani, tiyonsa na ruwa ne ko na iska, fetur na taɓa shi sai ya kumbura ya tsage, a kan injin mai zafi kuwa gobara ce. Karanta jikin tiyon, a ga an rubuta na mai ne. Dubi allurar tun a shago: in ba ta kwanta daidai kan sifiri ba, ajiye masa kayansa. Na ga wanda aka sayar wa gejin awon kwamfireshan da sunan na mai, lambobinsa har 300, ta yaya za ka bambance 40 da 46 a kai? Nemi mai tsayawa a psi 100. Ka tabbata akwai mahaɗi mai baki uku a cikin akwatin, domin Toyota da Honda da yawa ba su da bakin gwaji, sai an ratsa layin man. Kada ka yarda da "za a ɗaure da waya." Gejin ya kasance da maɓallin sakin mai da siririn tiyonsa.

Cutar ba ta tsaya nan ba. In geji ya tabbatar fanfo ne, kwalin Denso da na Bosch ma ana buga na jabu, wani ma tsohon fanfo ake wankewa a sa a sabuwar leda. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya: za a ɗaura, a sa geji a gabansa, in bai kai awo ba ya karɓi abinsa. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi, wuce shago na gaba.

Masu sababbin motoci masu injin GDI, wato mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, kada ku kusanci layin ƙarfen da ke kan injin da wannan geji. Ƙarfin man wurin yana haura bar 100, can aikin kwamfuta ne.