Sauke mota ƙasa da gajeren sifirin a Damagaram: kuɗin aikin da haɗarinsa

Duk wanda ya shiga gareji yana son a sauke masa mota ƙasa, abu na farko da ya kamata bakanike ya ɗauko shi ne awo. A tsayar da motar a daɓe mai daidai, a durƙusa, a auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi sauka a ƙarƙashinta, wanda galibi tukunyar man inji ce ko bututun salansa. Corolla irin ta 2002 zuwa 2007, wadda ta cika titunan Damagaram, tana ba da wajen santimita 15 in ba kowa a ciki kuma sifirinta, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan kowace taya, bai gaji ba. Gajeren sifirin da ake sayarwa, wanda kanikawanmu ke kira resor, yakan rage milimita 25 zuwa 40. Saura santimita 11 ko 12 ke nan. Mutum biyar su shiga, a jefa buhun hatsi a but, motar ta ƙara zama da santimita biyu ko uku. Abin da ya rage tsakanin injinka da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma da shi za ka hau tudun rage gudu, ka bi lungunan Birni masu dutse a tsakiyar hanya, ka sauka daga kwalta zuwa yashin unguwa.

Amfanin aikin gaskiya ne, ba za a ɓoye shi ba. Mota ta sauka, nauyinta ya matso ƙasa, ta rage jirkicewa a kwana, hancinta ya rage dungurawa in an taka birki. Ramin da ke tsakanin taya da jikin mota ya rufe, ta yi kyan gani. Sai dai kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, Eibach da H&R na Jamus ko Tein na Japan, sun ƙera kayansu ne don kwalta mai santsi. A kan hanyar Maradi ko ta Mirriya, inda kwaltar ke da lafiya, za ka ji daɗin motar. A cikin gari bayan ruwan Agusta, ko a kan jar hanya mai tsani-tsani, kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka, domin gajeren sifirin dole ya fi na asali tauri, in ba haka ba motar za ta riƙa dukan ƙasa.

Hanya uku ake yin wannan aiki, kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan. Ta farko, a sayo sabon saiti na kamfani wanda aka yi wa wannan motar takamaimai. Ta biyu, a samo na hannu daga masu kayan gwanjo, ko a yi saƙo zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ta uku, a yanke na jikin motar da injin yankan ƙarfe, ko mai walda ya gasa shi da wutar gas har ya zauna.

Ta ukun nan ita ce mafi araha, ita ce kuma wadda ba mu yarda da ita ba ko da kyauta za a yi. Ka ɗauki sifirin da bai taɓu ba ka duba bakinsa: zagayen ƙarshe an lanƙwasa shi ko an daidaita shi don ya kwanta cif a cikin kofinsa. Da zarar an yanke zagaye ɗaya, bakin ya zama tsini mai kaifi, ya tokare kofin a wuri guda, ya cinye robar da ke ƙarƙashinsa. Tsawonsa kuma ya gaza. Ranar da motar ta faɗa rami taya ta sake ƙasa gaba ɗaya, sifirin ba shi da abin da zai riƙe shi, yana iya gocewa daga mazauninsa, ya dawo a karkace, tsinin nan ya yaga gefen taya ko ya tsinke tiyon birki. Ga shi kuma ba mai iya yanke hagu da dama su zo daidai da ido, sai motar ta riƙa tafiya kafaɗa ɗaya a sauke. Gasawa da wuta ta fi yanka muni. Ƙarfen sifirin an dafa shi ne a masana'anta da zafi na awo don ya riƙa lanƙwasa yana dawowa. Wutar gas tana kashe wannan dahuwar. Wurin da aka gasa zai ci gaba da zama wata bayan wata, ƙarshe ya karye, kuma ba ya yin sallama kafin ya karye.

Na hannu yana iya yin kyau in an san abin da ake dubawa. Sifirin kamfani yana ɗauke da lambarsa a jikin zagayen, a duba lambar a intanet a tabbatar ta motarka ce, da shekararta da irin injinta. Inji mai gazuwal, wato dizal, ya fi mai fetur nauyi, don haka sifirin gabansu ba ɗaya ba ne ko da jikin motar iri ɗaya ne. A kan kayan Jamus za ka ga VA, wato na gaba, da HA, na baya. A jera biyu-biyu a ƙasa a ga tsawonsu ya zo ɗaya. Inda fenti ya ɓare tsatsa ta yi rami, a bar shi, nan ne karaya ke farawa. Wanda ba lamba a jikinsa, an dai shafa masa jan fenti yana ƙyalli, ba wanda ya san ko na wace mota ne.

Batun kuɗi, abin da ke ruɗin mutane shi ne suna lissafa sifirin kaɗai. Saiti huɗu na Eibach ko H&R ga ƙaramar mota yana kamawa wajen yuro 150 zuwa 300 a Turai. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan kimanin jika 100 zuwa 200 (jika ɗaya sefa dubu ce), kafin kuɗin ɗauko kaya da na duwan, wato kwastan. Sai amortisa mai kwantar da girgizar sifirin, wadda ƴan Kano ke ce wa shakazoba. Ta asali an yi ta ne ta yi aiki a tsakiyar tafiyarta. Aka sauke motar, sandarta ta nutse, tafiyar da ta rage mata ta gajarta, ga sifirin mai tauri da take kokawa da shi. In dama ta sha hanya, ko mai ya fara tsattsafowa a jikinta, ba za ta daɗe ba. Saukewar da ba ta wuce milimita 30 ba, lafiyayyar amortisa ta asali tana ɗauka. Ya wuce haka, sai mai gajeriyar sanda irin Bilstein B8, kuma guda huɗu sukan kai yuro 400 zuwa 700, wato jika 260 zuwa 460. A ƙara kofin sama da boris ɗinsa, da robar tare sanda mai hana amortisa nutsewa har ƙarshe, da rigar ƙura, waɗanda ƙurar hunturu da zafin bazara suka riga suka busar a yawancin motocinmu. A ƙara saitin ƙafa, wato daidaita tsayuwar tayoyi, sau biyu. Kuɗin hannun bakanike ciniki ne, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin, domin aikin awa biyu zuwa huɗu ne in notuna ba su ci tsatsa ba. Wanda ya ce zai yi maka komai da ɗan abin da bai kai kuɗin sifirin ɗin ba, yankewa zai yi.

Kanikawan garin nan hannunsu ya faɗa a kan Toyota, cire ƙafar gaba ba ya ba su wuya. Inda aikin ke samun tangarɗa shi ne kayan aiki, don ba kowane gareji ke da matsin sifirin, da sifana mai awo, da na'urar saitin ƙafa ba. Ka tambayi ukun nan kafin ka miƙa makulli.

Matsin sifirin shi ne kan gaba. A motoci irin Corolla da Golf, sifirin gaba yana ɗaure a jikin amortisa, a matse, noti ɗaya na sama ke riƙe da shi. Ƙarfin da ke ɗaure a wurin ya kai nauyin ɗaruruwan kilo. Yaron gareji ya kwance notin nan ba tare da an kama sifirin da matsi biyu, ɗaya ta kowane gefe ba, kofin sama zai tashi kamar harsashi, kuma fuskarsa ce a saitin. Ɗaure shi da waya ko igiya, ko mutum ya taka shi da ƙafa ana kwancewa, ganganci ne da rai. Haka nan motar ta zauna a kan turakun ƙarfe, kada a bar ta a kan jak kaɗai ko a kan bulo, musamman a garejin da ƙasansa yashi ne.

Tsarin aikin kuwa ga shi. A auna tsayin motar a kusurwa huɗu, daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota, a rubuta. A cire taya, a kwance maƙalin tiyon birki da wayar ABS (na'urar hana taya kullewa in an taka birki) daga jikin ƙafar tukuna, don kada nauyin ƙafar ya rataya a kansu. A saki sandar da ke haɗe da ƙarfen hana jirkicewa, sannan manyan kusoshi biyu na ƙasa da ƙananan notuna uku na sama. Wajen kwance notin tsakiya, kada a kama sandar amortisa da filaya: ƙarzar da haƙoran filaya za su bari ita ce za ta yanke robar mai, bayan ƴan makonni amortisar ta fara zuba. Sabon sifirin ya zauna da bakinsa a daidai ƴar matakalar da ke cikin kofin, rubutunsa a miƙe. In takardar kamfani ta ce a rage tsawon robar tare sanda, a rage daidai abin da ta ce. In an bar ta da tsawonta, motar tana iya zama a kanta, ka rasa sifirin ka koma tafiya a kan roba.

Akwai mataki ɗaya da aka fi tsallakewa, kuma shi ke cin kuɗi daga baya. Robobin hannun ƙafa, wato silanbulo, ba juyawa suke yi a kan kusa ba, murɗewa suke yi. An ɗaure su ne motar tana tsayinta na asali. Da aka sauke ta, sun zauna a murɗe dare da rana, sai su tsage. Maganinsa a sassauta kusoshinsu, a sauke motar ta tsaya da nauyinta a kan tayoyi, a girgiza ta, sannan a ɗaure. Notunan taya na Corolla kuma awonsu 103 Nm ne a kan sifana mai awo, ba sai an hau sifana da ƙafa ba.

Daga nan sai saitin ƙafa, wanda ake kira paralelisim. Saukewa tana sa kan tayoyin gaba ya karkata ciki, bakinsu kuma ya goce daga saiti. Daga waje ba za ka ga komai ba, tayar tana nan da zanenta. Sai ka murza sitiyari har ƙarshe, ka shafa gefen ciki da hannu, ka ji ya yi sumul, wani lokaci har waya ta fito tana sukar yatsa. Irin wannan tayar ce ke fashewa a zafin Afrilu a kan doguwar hanya. A yi saiti ranar da aka gama, a maimaita bayan mako ɗaya ko biyu in sifirin ya gama zama. In karkatar ta yi yawa, akwai kusa ta musamman da ake sawa a ƙafar gaba don dawo da ita.

Masu tsofaffin motoci marasa ABS su kula da wani abu. Wasunsu, kamar tsohuwar Golf da wasu Peugeot, suna da bawul a baya mai auna lodi ta hanyar tsayin mota. Aka sauke bayan, bawul ɗin ya ɗauka an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka taka birki da ƙarfi a kan yashi ko jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyin baya su kulle, motar ta juya da kai. Dole a sake saita shi. Peugeot 206, 306 da 405 kuma ba su da naɗaɗɗen sifirin a baya, sandar murɗa ce, aikinta daban ne. Fitilun gaba ma a sake saita su, don saukewar gaba da ta baya ba lallai su zo ɗaya ba.

Da yawa suna haɗa aikin da manyan wili, kuma a nan wahalar ke ninkuwa. Taya 195/65 R15 tana da gefe mai tsayin wajen milimita 127. Ta 215/45 R17 tana da 97. Santimita uku na iska da roba ke nan aka cire daga abin da ke kare wili daga bakin rami. A hanyoyinmu, wanda ya sauke mota ya bar tayarsa mai kauri ya fi samun kwanciyar hankali.

A ganinmu aikin ya dace da motar da ba ta barin kwalta, ba ta ɗaukar lodi, aka kuma tsaya a milimita 25 zuwa 30 da sifirin kamfani da lafiyayyar amortisa. Taksi, da motar iyali mai zuwa ƙauye ta Matamaye ko Magarya, da wadda ke bin hanyar Tanut, a bar su yadda suke. Wanda ya riga ya sauke, ya sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 2 ko 3 a ƙarƙashin inji, ya riƙa hawan tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, ya kuma guji ruwan da ya kwanta a titi da damina, don bakin shan iskar inji ma ya sauka tare da motar. In cikin motar ya daki dutse jar fitilar mai ta kama, a kashe inji nan take a leƙa ƙasa: tukunyar alminiyam tsagewa take yi, ta ƙarfe kuma lotsewa take yi ta toshe bakin famfon mai, kuma ƴan mintuna sun isa inji ya kama. Tsoffin sifirin huɗun nan kuma kada a bar su a gareji. A rubuta gaba da baya a jikinsu, a shafa musu mai a ajiye a gida, domin ranar sayar da motar mai saye zai durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya taya.