Dogon Hutu: Shirya Darussa ko Karatun Nishaɗi?

Malama, kin tambaya ko ya fi dacewa ki ƙarar da dogon hutun nan wajen rubuta darussan zangon farko na ajinki na biyar a unguwar Asawase da ke birnin Kumasi na ƙasar Ghana, ko kuwa ki zauna da littattafan da kika daɗe kina marmarin karantawa. Ga yadda nake auna su biyun.

Hujjar shirya darussa a fili take. Tun da aka fara aiki da sabuwar manhajar firamare a 2019, wadda NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta tsara, kowane darasi sai an ɗaure shi da ma'aunin da manhaja ta zayyana, sannan a kasa shi kashi uku: share fage, gundarin darasi, da bita a ƙarshe. Hedimasta kuma yana jiran littafin darasi domin ya duba ya sa hannu. Malamin da ya shiga Satumba ba tare da jadawalin zango a hannunsa ba, daren kowace Lahadi zai same shi yana rubutu cikin gaggawa, ga tarin littattafan yara da bai duba ba. Shirin zaune ya fi na tsaye, wannan babu musu.

Sai dai shirin yana da iyaka, domin ba ki riga kin san yaran da za a miƙo miki daga aji huɗu ba. Yaron unguwar Zango yana magana da Hausa a gida, ya yi ciniki da Twi, harshen mutanen Asante, a titi, ya yi karatu da Turanci da safe, da yamma kuma ya ɗauki allonsa. Za ki tarar da yarinyar da ke lissafa canji da ka a gaban teburin mahaifiyarta a kasuwar Kejetia ba tare da kuskure ba, amma idan aka rubuta mata wannan lissafin cikin jimlar Turanci sai ta tsaya tana taunar fensir. Darasin mako na takwas da kika rubuta a watan Agusta bai san da wannan yarinya ba, kuma tilas ki sake shi idan lokacinsa ya zo.

Karatun nishaɗi kuwa babu mai sa masa hannu, babu mai tambayarki shafi nawa kika kai, shi ya sa malamai da yawa ke jin kamar sun ɓata lokaci idan suka zauna da littafi. Ni ina ganin a nan ne ribar hutun take. Shirin darasi yana yiwuwa a gutsuttsura, sa'a ɗaya yau, sa'a ɗaya gobe, har a tsakiyar zango. Littafi mai kauri kuwa yana son kwanaki a jere da kwanciyar hankali, irin wadda ake samu a sanyin Agusta bayan manyan ruwan sama sun tsagaita, kuma idan aka koma makaranta ba za ki sake samun irinta ba sai baɗi.

Amfaninsa yana fitowa ne ta inda ba a zata ba. Manhajar 2019 ɗin nan ita ce ta dawo da darasin tarihi firamare. Malamar da ta karanta labarin fataucin goro tsakanin ƙasar Asante da Kano ta hanyar garin Salaga, don jin daɗin kanta kawai, za ta iya gaya wa yaran Zango abin da ya kawo kakannin wasu daga cikinsu garin nan. Wadda ta karanta yaƙin da Yaa Asantewaa, wata sarauniya ta ƙasar Asante, ta jagoranta kan Turawan Ingila a 1900 za ta iya nuna musu cewa ganuwar Turawan da aka yi wa ƙawanya tana nan a tsakiyar Kumasi, ta zama gidan tarihin sojoji. Yara suna gane malamin da ke ba da labari daga cikinsa da wanda ke karanto abin da ya kwafa jiya da dare. Sharaɗi ɗaya ne: kada ki riƙe jan biro kina neman abin da za ki koyar, domin da zarar kin yi haka karatun ya koma aiki, hutun kuma ya tafi. Batun kuɗi bai kamata ya hana ki ba, tunda ɗakin karatu na Ashanti yana nan a harabar Cibiyar Al'adu kusa da unguwar Bantama.

Da sabuwar malama ce ke, ko an mayar da ke ajin da ba ki taɓa koyarwa ba, ko kina da ɗaliban da za su zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta BECE, da na ce shiri ya ɗauki kaso mafi girma. Tunda kin san aji biyar, ki bar wa karatu yawancin hutun, ki keɓe makon ƙarshe ki tsara jadawalin zango gaba ɗaya, ki rubuta cikakkun darussan makonni biyu na farko kaɗai, ki yanka kwalayen rubutu, ki tara murafun kwalba na lissafi. Sauran darussan ki rubuta su bayan kin saurari karatun kowane yaro.