Gargaɗi ga masu kiwo a Tawa: kada ku sayi awakin mai mota

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwo, musamman mata na cikin garin Tawa da ƙauyukan kewaye. Akwai wani mutum da ke bin unguwanni da mota mai buɗaɗɗen baya, yana sayar da awaki. Yana cewa jajayen Maraɗi ne, suna da ciki, kuma an yi musu rigakafi. Duka ukun ƙarya ne. Ni na saya, kuma cikin kwana 12 na binne awaki 7, biyar daga cikinsu nawa ne na gida da na raina da hannuna.

Shekara 11 ke nan ina kiwo, tun bayan rasuwar maigidana. Da akuya ɗaya na fara, wadda gwaggona ta ba ni habbanaye, ta haihu na riƙe ƴaƴan na mayar mata da uwar. Kafin wannan abu ina da awaki 9 da tumaki 2 a bayan ɗaki. Da damina makiyayin unguwa ke tafiya da su, in ɗari ya shigo sai su zauna a turke, in ba su harawa da kowar wake da dusa, yara su tsinto musu ƴaƴan gawo. Da nononsu nake dama fura. Da su nake biyan kuɗin lakwal, da su nake zubin asusu, in ciwo ya taso dare ɗaya su nake kallo. Wanda ba ya kiwo zai ce ai awaki ne kawai. Mai kiwo ya san abin da nake nufi.

Abin ya fara ne da saƙon murya da aka turo cikin rukuninmu na asusu a WhatsApp. Murya mai daɗi, ga sallama, ga addu'a. Ya ce wani proje ne na taimakon mata ya rage awaki, za a sayar da su da rahusa, jika 22 kowace akuya, alhali irinsu a kasuwar Lahadi sai ka haura jika 35. Ya haɗo da bidiyon jajayen awaki masu ƙyalli suna cin abinci a wani garke mai tsabta. Ya ce daga cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi aka ɗauko su. Cibiyar nan gaskiya ce, tana nan tun shekarun 1960 tana aikin adana jar akuya, sunanta kawai ya ara don ya san kowa na jin labarinta. Sharaɗinsa ɗaya: duk mai so ta tura kafin alƙalami jika 5 a kan kowace akuya ta wurin masu aika kuɗi, don a rubuta sunanta.

Na daɗe ina son jar akuya. Tana yawan haihuwar tagwaye, wani lokaci har uku, tana da nono gwargwadon jikinta, fatarta kuma ta fi ta sauran daraja. Na tura jika 15 na guda uku.

Ya zo, kuma zuwan nan shi ne babban tarkon. Da bai zo ba, da jika 15 kaɗai na rasa. Ya iso ana shirin kiran magariba, haske ya fara ja baya, shi da wani yaro. Tun daga bakin ƙofa yake cewa, "Hajiya, a yi haƙuri a hanzarta, Ƙonni za mu kwana." Na ce bari in buɗe bakinsu in ga haƙora, sai ya riƙe wuyan akuyar ya ce, "Haba Hajiya, kayan proje ne, likita ya riga ya duba. Ga takarda." Ya miƙo mini wata takarda da Faransanci, da hatimi a ƙasa. Ya buga cikin ɗaya da tafin hannu, ya ce wata uku ne cikin, saura biyu ta sauke. Na ƙirga masa jika 51, yaron ya sauke su, na kai su bayan ɗaki na ɗaure kusa da nawa. A kwano ɗaya suka sha ruwa daren nan.

Kwana biyu suna ci suna tuƙa. Har na yi saƙo a rukuni na ce ya cika alkawari, ga awakina. A kan maganata mata huɗu suka tura masa kafin alƙalami. Har yau ba su gan shi ba, lambarsa kuma a kashe take. Wannan ya fi mini ciwo a kan kuɗina, domin yanzu na gane yadda yake aiki: a kowace unguwa yana kai wa mutum ɗaya ko biyu, su zama shaidarsa, sauran ya cinye musu kuɗi. Na bi matan nan gida-gida na roƙi gafararsu, kuma ina sake roƙa a nan.

Ran kwana na uku cikin da ya buga ya sace. Dusa da kanwa aka ba su, suka sha ruwa har suka kumbura. Cikin akuya wata biyar ne, kuma mai ciki na gaske ba ya sacewa don ta kwana biyu a gidanka. Da na shafa bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga ja a jikin tsumman, ga fari-fari yana leƙowa a gefen cinya. Rini aka shafa mata. Da rana tsaka na kalle su da kyau, dogayen ƙafafu, kunnuwa a sake, irin awakinmu ne na arewa. Jar Maraɗi ta ainihi gajera ce mai cikar jiki, gashinta gajere, launinta ɗaya tun daga kai har wutsiya. Haƙora kuwa, wadda ya ce shekararta biyu duk takwas ɗin ƙasa sun fito manya har sun fara cinyewa. Akuya tana sake haƙoran gaba biyu-biyu, na farko bayan ta shekara, ba ta cika baki sai wajen shekara huɗu. Tsohuwa ya ba ni.

Duk wannan da sauƙi. Ran kwana na huɗu ɗaya ta ƙi cin abinci, jikinta zafi rau, ta sunkuyar da kai. Kashegari kwantsa ta rufe mata ido, majina ta bushe a hanci har tana numfashi da baki. Da na ɗaga leɓenta sai na ga dasashi duk ya yi gyambo, ga wari. Sai zawo kamar ruwa, sai tari. Na aika aka sayo allura da ƴan ƙwayoyi a kasuwa, muka yi ta yi, ba abin da ya canza. Kafin mako ya cika, nawa sun fara.

Sai a lokacin na je wurin likitan dabbobi, kuma na yi latti. Yana leƙa bakin ɗaya ya ce cutar nan ce da suke kira PPR, annobar awaki da tumaki. Ya zauna ya yi mini bayani, ni ma bari in faɗa muku yadda na riƙe. Ƙwayar cutar ba ta jin allurar da muke saya a kasuwa, abin da allurar ke yi shi ne rage ciwon huhu da ke biyo baya. Cutar tana bin numfashi da majina da miyau da kashi, don haka kwanon ruwa ɗaya ya isa. Bayan dabba ta kamu, takan yi kwana 4 zuwa 6 ba a ga komai ba, wani lokaci fiye da haka. Wannan tazarar ce mutumin nan ke ci da ita. Garken da ciwo ya shiga, mai shi yakan so ya rabu da sauran ko nawa ne, mai motar kuma ya kwashe su da arha, ya yi musu allurar da za ta tsayar da su kwana biyu, ya loda a mota. Cutar ta fi tsanani ga awaki a kan tumaki, kuma ƙanana ta fi kashewa. Haka na gani: ƴan tagwayena biyu su suka fara tafiya, tumakina kuwa majina kawai suka yi suka warware. Wata tawa da ke da cikin gaske ta yi ɓari. Cutar ba ta kama mutum, amma likita ya hana mu yanka waɗanda aka cika da allura, ya ce maganin na nan cikin naman. Rami muka haƙa mai zurfi a bayan gari.

Da ya karanta takardar sai ya girgiza kai. Babu ranar rigakafi, babu sunan wanda ya yi, babu lambar maganin. Ya ce rigakafin PPR a sanyi ake ajiye shi, in an haɗa shi kuma cikin ɗan lokaci ake gama amfani da shi, ba abin da ake yawo da shi cikin zafin mota ba ne. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. Gwamnati na yin zagayen rigakafi kyauta kowace shekara, kuma ana son a kawar da cutar daga duniya baki ɗaya nan da shekarar 2030. Ni zagayen bara ya wuce ni ina wurin biki a ƙauye, na ce sai na gaba. Awakina huɗu da suka rayu, uku tsofaffi ne da aka taɓa yi musu.

Akwai wata magana da nake so in tsaya a kanta. Ana tsakiyar mace-macen nan wata maƙwabciyata, don tausayi ta faɗa, ta ce, "Yaya, ki kai sauran kasuwa ran Lahadi tun ba su kwanta ba, ko rabin kuɗi ki tsira da shi." Wallahi na kwana ina juya maganar. Amma in na yi haka, me ya raba ni da mai motar? Wata ce za ta saya, ta kai gida ta ɗaure kusa da nata, ta binne nata kamar yadda na binne. Da haka ciwon nan ke tashi daga gida ɗaya ya cinye unguwa. Na ce wa makiyayi kada ya biyo ta ƙofarmu, na hana yara shiga garken maƙwabta, takin ma ban bari an kwashe zuwa gona ba. Duk wadda ta saya wurin mutumin nan, don Allah ta yi haka, ta kuma sanar da ma'aikatan kiwo tun ranar da ta ga majina da zawo.

Da na ba wani dattijon dillali labari, abokin marigayi maigidana, sai ya ce, "Ƴata, la'adar da kika guje wa nawa ce?" Gaskiyarsa. Mun saba zagin dillalai, amma dillali a kasuwa yana da rumfa, an san gidansu, ya san wanda ya kawo dabba. In ta fito ta sata ce ko mai ciwo, akwai wanda za ka kama. Ko a Badagishiri ka saya, ko Abalak, ko Turaku ta Yamai, da rana ake ciniki, ka buɗe baki, ka duba ido da hanci, ka ɗaga wutsiya ka ga ko akwai alamar zawo, ka taɓa hantsa. Mai mota ba shi da rumfa, da duhu yake zuwa, kullum sauri yake. Kuma ban taɓa ganin proje na gaskiya da ke karɓar kuɗin rubuta suna ta waya ba. Masu rabon awaki ta wurin mai unguwa da ƙungiyoyin mata suke bi, a tara jama'a, ma'aikatan kiwo na tsaye.

Ko a wurin ɗan uwanka ka sayi dabba, ka ɗaure ta nesa da naka, da kwanonta daban, har mako uku. Wannan kaɗai da na yi, da awakina biyar suna nan.

Mun kai ƙara kwamisariya, ni da matan huɗu, mun ba da takardar, da saƙonnin murya, da rasit ɗin kuɗin da muka tura. Duk wadda ya karɓi kuɗinta, kada kunya ta hana ta, ta adana rasit ɗinta ta je ta ƙara a kan namu. Yana canza lamba, kuma an ce mini yanzu ba maganar awaki kaɗai yake ba, ya fara tura bidiyon ragunan balami yana karɓar kafin alƙalami da sunan kiwon layya. Muryar dai ita ce, da addu'ar, da maganar proje. In saƙon ya shigo rukuninku, ku goge shi, ku faɗa wa iyayenmu mata da ba sa karatu da baki. In kuma motar ta tsaya a unguwarku, kada ku bari a sauke ko akuya ɗaya ƙasa, ku aika a kira mai unguwa.