Zuwa ga ƙanena: abin da za ka zuba a akwati da abin da za ka gama tun a Sakkwato

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Baba da amaryarka da duk mutanen gida. Na saurari saƙonka na murya kan shirin tahowarka Ingila karatu har sau biyu, mai minti goma sha ɗaya ɗin nan, na kuma lura duk tambayoyinka a kan kaya suka ƙare: wace rigar sanyi za ka saya, ko ka taho da tukunya, ko bargo biyu sun isa. Haka na yi a 2022. Na cika akwati biyu maƙil da abubuwan da ke zube a kantunan Birmingham da araha, na baro abin da sai ka yi gumi kafin ka same shi a nan.

Abin da na gane bayan na zauna shi ne, a ƙasar nan duk abin da inji ya ƙera araha ne, amma duk abin da sai mutum ya sa hannunsa ya yi maka, wuta ne. Mu a gida akasin haka muka sani. Aski kawai ya ishe ka misali. Mai askinmu na Mabera 'yan ɗaruruwa yake karɓa, ga labarin gari kyauta. Askina na farko a nan fam 15 na biya, kuma yanzu da fam ya doshi naira 2,000 sai ka yi lissafin da kanka. Tun daga ranar na sayi injin aski, na riƙa yi wa kaina a gaban madubin banɗaki, wata biyu cur ba na cire hula a gaban mutane. Saboda haka ka je ka zauna wajen mai askin nan ko sati ɗaya ne, ya nuna maka yadda ake riƙe inji. Akwai kuma wata rigar sanyi da na saya fam 12 a shagon gwanjonsu (su ma suna da gwanjo, ƙungiyoyin agaji ke tafiyar da shagunan), zif ɗinta ya lalace, tela ya ce fam 18 zai canza shi. Na ɗauki rigata na fito. Mai gyaran famfo kuwa kuɗin taka ƙafarsa zuwa gidanka daban, kuɗin aiki daban.

Don haka duk ɗinkin da za ka yi, yi shi a gida. Kaftani huɗu ko biyar, babbar riga ɗaya saboda Sallah, huluna. Takalmin fata na dukawanmu ka sako ƙafa biyu. Wani abin dariya, fatar jar akuyarmu ta Sakkwato tun zamanin fatake take ratsa sahara ta iso Turai, suna rufin littattafai da ita, suna kiranta fatar Maroko don ta can ta biyo. Tukunya, bargo, cokali, dutsen guga, duk ka bar su. Rigar sanyi ɗaya tak ka saya wajen 'yan gwanjo wadda za ta fito da kai daga filin jirgi, sauran sai ka zo. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta yi aiki. Buta ma kada ta ci maka wuri, titin Coventry a unguwar Small Heath cike yake da shagunan 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman, har dadduma da carbi da jallabiya.

Abinci ba zai ba ka wuya kamar yadda kake tsoro ba. Madara, burodi, taliya, dankalin Turawa, ƙwai da kaza duk da sauƙi a kantuna irin su Aldi da Lidl. Naman halal kuwa a unguwarmu ba a nemansa, shi ke nemanka. Sai dai ɗanɗano. Kazarsu jibgegiya ce amma lami, minti ashirin ta dagargaje. Albasa gata nan manya-manya masu kyan gani, ka yanka uku ba ka yi hawaye ba. Kai da ka tashi kana ganin buhunan albasa a Kasuwar Kara za ka san an cuce ka. Doya da manja da attaruhu akwai su a shagunan 'yan Afirka da ɗan karen tsada. Abin da ke wuyar samu mai kyau shi ne namu na Arewa: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, tsamiya. Waɗannan su ne hakkin akwatinka. A daka su, a bushe su sarai, a ɗaure a leda biyu-biyu, musamman daddawa, in ba so kake kaftaninka su yi wata shida suna ƙamshin miya ba. Kuma ka shiga madafa wajen Inna ka koyi tuƙa tuwo da kaɗa miya. Kada ka ji kunya. Mai kunya a nan burodi da shayi yake kwana da su.

Ka manta da tayi. Farashin da aka liƙa shi ne farashi, babu ragi, babu gyara, babu "rubuta zan kawo gobe". Wani kantin ma ba za ka ga mai karɓar kuɗi ba, kai za ka nuna wa na'ura kayanka ka biya da kati. Abin da ya burge ni shi ne mayar da kaya. Abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka ce ka fasa, a dawo maka da kuɗinka ba tare da rantse-rantse ba. Ka gwada haka a Tsohuwar Kasuwa ka ji.

Yanzu maganar kilishi, don na san Inna ta riga ta fara shiri. Daren da zan taho ta miƙo mini ƙunshi a takardar siminti, na ce Inna an ce ba a shiga da nama. Ta ce, "Kai dai tahi da shi, wanga ɗan abu wa zai gane shi?" Kare ne ya gane shi. Ina tura akwatina a filin jirgin Landan ya zo ya dasa hanci a kan wanda daddumata ke ciki, ya zauna. Ma'aikaciyar wurin ta sa safar hannu ta buɗe, ta ɗaga shi sama tana tambayata mene ne wannan, ni kuma ina ta kame-kamen yadda ake cewa kilishi da Turanci. A gabana ta jefa shi cikin wata babbar leda. Dokarsu ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da nono daga ƙasashe irin tamu, wato kilishi, dambun nama da man shanu duk sun fita. Zuma ana bari har kilo 2, busasshen kifi ma ana bari. Kuma ko wane ne ya kawo maka ƙunshi ya ce ka miƙa wa ɗansa a Manchester, buɗe shi a gabansa. Magunguna irin su tiramadol kuwa ko da wasa kada su shiga jakarka.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne takardu. Ka baje su duka a tabarma yau ɗin nan: fasfo, NIN, BVN, sakamakon WAEC, shaidar digiri, takardar haihuwa. Ka bi suna harafi-harafi. Ni a wata takarda Muhammad nake, a wata Mohammed, a ta sakandare kuma an ɗora mini sunan ƙauyenmu a ƙarshe. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Bature bai san haka ba, shi mutum uku yake gani. Na yi rantsuwa a kotu, na buga a jarida, na yi ta sintiri a kan kabu-kabu cikin zafin watan Afrilu. Takardar makin jarrabawa ta jami'a ma ka karɓi kwafi fiye da ɗaya tun kana nan, domin abin da ka kasa fitarwa da ƙafarka ba za ka fitar da shi ta waya daga Ingila ba. Kowace takarda ka ɗauki hotonta ka ajiye a imel.

Gwajin tarin fuka dole ne ga duk ɗan Najeriya da zai zauna fiye da wata 6, kuma sai a asibitin da suka amince da shi, don haka ka haɗa shi da tafiyarka Abuja. Takardar wata 6 take yi, kada ka yi gaggawar yinsa ta mutu a hannunka. Kuɗin da za ka nuna a banki sai sun kwana 28 a jere ba su gaza adadin da ake nema ba ko na yini ɗaya. Na san wanda ya ciri kaɗan ya kai gudunmawar biki, ya mayar washegari, bizar ta tafi. Sannan akwai kuɗin lafiya da ake biya gaba ɗaya tare da biza, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 776 a shekara ga ɗalibi. Batun amarya kuma gara ka gaya mata gaskiya tun yanzu. Daga Janairun 2024 mai digiri na biyu irin na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai karatun bincike. Duk da haka ku yi takardar shaidar aure ku ajiye, shaidar liman da goron da aka raba ba sa shiga fayil.

Kada kuma ka dogara da cewa aiki zai biya maka kuɗin makaranta. Awa 20 a mako doka ta yarda wa ɗalibi lokacin karatu, kuma haya za ta lashe mafi yawansa.

Haya a nan wata-wata ake biya, ba shekara ba. Kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa doka ta tsayar da shi kada ya wuce hayar mako 5. Ni da na zo ba ni da mai tsaya mini, sai da na biya wata shida a dunƙule. Banki na neman shaidar adireshi, mai gida na neman shaidar banki, ka rasa ta inda za ka kama. Kai ka huta da wannan tunda a wajena za ka sauka, amma ka gaya wa abokan tafiyarka kada su tura wa kowa kuɗin ɗakin da a hoto kawai suka gan shi.

Wuta tun da na zo ban ga an ɗauke ta ba, ruwa kuma daga famfo ake sha. Ruwan Birmingham daga duwatsun Wales yake gangarowa, tafiyar mil 73, babu injin da ke turo shi, kuma tun 1904 yake zuwa. Duk lokacin da na buɗe famfo sai na tuna mu da ke kwance a bakin gulbin Rima, ga dam ɗin Goronyo, muna leƙen 'yan ga-ruwa tun da asuba. Amma fa ba kyauta ba ne. Hunturuna na farko ya faɗo daidai lokacin da yaƙin Yukren ya tayar da farashin gas. Na kunna na'urar ɗumama ɗaki dare da rana kamar fanka, da takardar kuɗi ta zo sai da na zauna. Daga nan na koyi sa riga uku a cikin ɗaki. Sanyin nan ba irin na hunturunmu ba ne mai bushewa da ƙura wanda hantsi ke korarsa. Jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi ya kwana.

Asibiti ba a tambayarka ko kwabo a bakin ƙofa, ba a aikenka sayen safar hannu ko ruwan ƙari. Matsalar ita ce jira. Sai ka yi rajista da likitan unguwa, ka buga waya ƙarfe takwas na safe kana layi da rabin gari. Kemis ba zai sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da takardar likita, kowane magani kuma fam 9.90 ne a Ingila. Likitan haƙori na gwamnati samunsa sai an dace, na kuɗi kuwa ba a magana. Wannan haƙorin naka da ke tashi duk azumi, je a cike shi ko a cire shi kafin ka taho, ka kuma yanko tabarau biyu. In zazzaɓi ya kama ka a makonnin farko, abin da za ka fara gaya musu shi ne daga Najeriya ka zo, don maleriya ba ita ke fara zuwa ransu ba.

Lasisin tuƙinka zai yi maka wata 12, bayan nan sai ka ci jarrabawarsu, kuma ta hagu suke bi, irin yadda muke yi kafin 1972. Ba za ka buƙaci mota da wuri ba, bas na zuwa ko'ina. Layin wayarka na gida kada ka bari ya mutu. Ta nan banki ke turo lambar sirri, in aka rufe shi kuɗinka na kallonka kana kallonsu. Ka buɗe masa damar aiki a waje, ka riƙa sa masa kati. Ka biya bashin da ake binka, ka rubuta wanda kake bi, filinka na Arkilla kuma ka damƙa takardunsa a hannun Kawu a gaban shaidu.

Salla za ta rikita ka da farko. A Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, azahar da la'asar kamar ka haɗa su da alwala ɗaya. A Yuni kuma har bayan tara na dare rana ba ta faɗi ba. Ba a kiran salla a lasifika yadda ka saba, waya ce ladaninka. Ranar Sallah ba hutu ba ce, sai ka nemi izini tun da wuri. Idi a filin Small Heath dai ana cika, dubban mutane, kowace irin fata. Layya ba ka ganin ragonka, mahauci za ka biya ya miƙo maka nama a leda, shi ya sa nawa kuɗin nake turo wa Baba a yanka a gida.

In ka sauka kada ka hau jirgin ƙasa, tikitin ranar tsada gare shi. Zan saya maka na babbar bas tun da wuri, in tare ka a tashar Digbeth. Ka turo mini ranar da zarar biza ta fito. Ka ce wa Inna kukar nan ta sa a tankaɗe ta sau biyu, ta bara akwai tsakuwa. Hulata mai ruwan toka tana cikin durowar ɗakin Baba, ka sako mini ita a jakar hannu kada ta lanƙwashe.