Ashwagandha: gari, kafso ko mai haɗi, wanne za ka saya?

Yanzu duk inda ka leƙa, TikTok ne ko WhatsApp, tallan ashwagandha ake yi, wai tana sa barci, tana rage damuwa, samari masu ɗaga ƙarfe kuma an ce musu tana ƙara ƙarfi. Saiwar wani tsiro ce da Indiyawa suka daɗe suna amfani da ita a maganin gargajiyarsu na Ayurveda, kuma gaskiya akwai binciken da ya nuna tana ɗan taimakawa wajen barci da damuwa. Amma dan Allah kafin ka tura kuɗi ka san wacce za ka saya, don ba duka suke ɗaya ba.

Gari shi ya fi arha. Matsalarsa awo, yau ka cika cokali gobe ka yi rabi, ba ka san adadin da ke shiga cikinka ba, kuma da yawa a farar leda ake sake ƙulla shi babu sunan kamfani babu ranar lalacewa, in an cakuɗa da ganye ko wani garin daban ba za ka gane da ido ba. In ya yi yawa sai murɗar ciki, tashin zuciya, gudawa, wani har amai.

Kafso ya fi tsada amma aƙalla an rubuta miligiram a jiki. Sunaye biyu za ka fi cin karo da su, KSM-66 wanda daga saiwa zalla ake yinsa, sai Sensoril da ake haɗa saiwa da ganye kuma ya fi ƙarfin sinadari. Yawancin binciken da aka yi miligiram 300 zuwa 600 ake ba mutane a rana, na wata biyu zuwa uku, abin da ya wuce haka ba a yi masa bincike sosai ba. Don haka robar da ke alfahari da dubu ɗaya da wani abu ba garaɓasa ba ce. In dai sai an saya ni saiwa zalla nake ba da shawara, don ita aka fi bincike a kai. Shi ma fa yana sa kasala da jin barci, direba da mai aiki da inji su kula.

Mai haɗi kuwa, wanda za ka ga an jera sunayen itatuwa rututu a bayan kwalba, shi na fi jin tsoro wallahi. A Ayurveda akwai wani reshe da ake kira rasa shastra inda da gangan ake haɗa magani da ƙarafa da aka ƙona suka zama toka, in ka ga an rubuta bhasma a jerin kayan haɗi to shi ke nan. A wani binciken da aka wallafa a 2004, masu bincike a Amurka sun sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan yankin Boston, 14 daga ciki aka samu dalma ko zaiba ko gubar asenik. A wani da aka wallafa a 2008 suka sake gwada 193 da aka saya ta intanet, nan ma wajen ɗaya cikin biyar, kuma na rasa shastra ya ninka sauran. Dalma ba ta nuna kanta rana ɗaya, taruwa take a jiki a hankali, ciwon ciki, ƙarancin jini, ƙoda ta taɓu, mutum yana ta sha yana ganin ai ganye ne kawai.

Sai maganar hanta, wadda ta shafi duka ukun. Ba kasafai take faruwa ba amma tana faruwa, a 2020 likitoci sun wallafa rahoton mutum biyar daga Aisland da Amurka da hantarsu ta taɓu bayan sati 2 zuwa 12 suna sha. Ido ya yi rawaya, ƙaiƙayi ko'ina, fitsari ya yi duhu kamar shayin da ba madara. In ka ga haka ka daina nan take, ka tafi asibiti da robar a hannunka, kar a ce ciwon shawara ne a ƙara maka wani jiƙon a kai. Mu nan da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kuma da dama ba su ma san suna da shi ba, yin gwaji kafin a fara ya fi kuɗin kafson muhimmanci. Ƙasar Danmak ma hana sayar da ita ta yi gaba ɗaya a 2023.

Mai juna biyu da mai shayarwa kar su saya kowane iri ne. Haka mai matsalar tayirod, wato ƙullin nan da ke gaban wuya, don tana iya ɗaga sinadarinsa, da wanda za a yi wa tiyata. Mai shan maganin suga, hawan jini, farfaɗiya ko na barci ya fara tambayar likita ko mai ilimin haɗa magunguna, saboda tana iya ƙara wa maganin ƙarfi suga ko jini ya faɗi.

In za ka biya, ka sa mai sayarwa ya turo maka hoton bayan robar. Ka duba ko ashwagandha ce kaɗai a ciki, an rubuta saiwa, ga miligiram, ga sunan kamfani da ranar lalacewa, in da tambarin gwaji irin USP ko NSF ya fi. Ka duba lambar NAFDAC, ta maganin gargajiya da harafin L take ƙarewa, kuma wannan rajista ce ta izinin sayarwa, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafo.